Ƙiyasin Darajar Gida Mai Rigar Roba da Dandamalin Roba a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa mazauna Amurka idan sun tashi sayen gida, ko sayarwa, ko sabunta bashin gida. Yawancinmu mun taso ne inda ake auna ƙarfin gida da bulo da siminti da rodi, sai muka zo ƙasar da ake kafa gida da katako a lulluɓe shi da roba. Shi ya sa takardar ƙiyasi kan zo mana da abin da ba mu zata ba. A nan, rigar gida na nufin abin da aka lulluɓe bangon waje da shi, wanda suke kira sayidin. Dandamali kuwa shi ne wurin shan iskar da ake ɗorawa a kan ginshiƙai a jikin gida, wanda suke kira dek.

Wane ne mai ƙiyasi, kuma wa yake yi wa aiki?

Mai ƙiyasi ƙwararre ne da ke da lasin daga jiharsa, aikinsa ya faɗi nawa gida zai yi a kasuwa a ranar da ya duba shi. Idan da bashi za a sayi gidan, banki ne ke ɗauko shi, kuma banki yake yi wa aiki, ko da yake daga aljihunka kuɗin aikin ke fita. Tsarin ba su lasin ya samo asali ne daga dokar tarayya ta 1989, kuma suna bin ƙa'idojin aiki da ake kira USPAP.

Kada a haɗa shi da wasu mutum biyu. Akwai mai duba lafiyar gida, wanda mai saye ke ɗauka don ya leƙa rufi da wayoyi da famfo. Akwai kuma jami'in ƙaramar hukuma da ke ƙiyasi don harajin gida. Kowa da nasa aikin, kuma alƙalumansu ba sa zuwa ɗaya.

Waɗanne kaya ne ake nufi da kayan roba ko na haɗi?

A bango, wanda ya fi yawa shi ne falankin binil, wato robar PVC, wanda ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1950. Sai falankin siminti da aka gauraya da yashi da zaren itace, wanda kamfanin James Hardie ya yi suna a kansa. Sai katakon haɗi da aka matse da danƙo, irin LP SmartSide. Sai dutsen kwaikwayo, wanda siminti ne aka zuba a mazubi aka ba shi launi. Na ƙarshe shi ne filastar soso da ake kira EIFS, wadda ke da tata tambayar a ƙasa domin labarinta daban ne.

A dandamali kuwa iri biyu ne. Akwai falankin haɗi na garin katako da narkakkiyar leda, irin na Trex, kamfanin da ke Winchester a jihar Bajiniya tun 1996. Akwai kuma na PVC zalla, irin na AZEK, wanda babu itace a cikinsa ko kaɗan. Na haɗin ma ya kasu: tsofaffin samfura ba su da ɓawo, sukan sha tabo su yi fumfuna, sababbin kuwa tun wajen 2010 an naɗe su da ɓawon roba mai tauri. Mai ƙiyasin da ya san aikinsa ba zai sa su a kwando ɗaya ba.

Shin gida mai rigar roba bai kai na bulo daraja ba?

Ya danganta da unguwar. Wannan ce amsar da ta fi wuyar shiga kunnenmu, domin idan ka ƙwanƙwasa bango ka ji yana amsawa kamar bokiti, zuciya ba ta kwanciya. To amma mai ƙiyasi ba ya tambayar wane kaya ne ya fi ƙarfi. Abin da yake nema shi ne, masu saye a wannan unguwa nawa suke biya. A jihohi irin su Ohayo da Mishigan da Fensilbeniya akwai unguwannin da kusan kowane gida binil ne. A can babu abin da za a rage maka, tunda duk gidajen da za a gwada naka da su irin rigarsu ke nan. A wajen Hustan ko Dalas kuwa, inda jan bulo ya yi yawa, ko Arizona da aka saba da filasta, gidan binil ɗaya tilo a layi yana iya zama bare, kuma kasuwa takan nuna hakan a farashi.

Wani abu da ya kamata a sani: mafi yawan gidajen bulo na zamani a Amurka, bulon layi ɗaya ne aka jera a gaban bangon katako. Shi ma riga ce. Katakon da ke ciki ne ke ɗauke da nauyin gidan.

Na kashe dala 30,000 a dandamalin roba. Za a ƙara mini dala 30,000 a ƙiyasi?

Da wuya. Abin da ka kashe daban, abin da mai saye zai ƙara saboda shi daban, kuma na biyun ne mai ƙiyasi ke rubutawa. Rahoton shekara-shekara na Cost vs. Value, wanda dillalai da 'yan kwangila ke yawan ambata, ya nuna a 2024 cewa dandamalin katako na mayar da kusan kashi 83 cikin ɗari na kuɗinsa idan an sayar da gida, na roba kuwa kusan kashi 68. Dalilin a fili yake: na roba ya fi tsada wajen kafawa, amma mai saye da ya fito ya tsaya a kai, fili yake gani da wurin ajiye kujeru da abin gashin nama, ba ya ninka tayinsa don falankin na Trex ne. Waɗannan alƙaluma matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, mai ƙiyasi ba zai kwafe su ya liƙa wa gidanka ba.

Ban faɗi haka don in hana kowa sa na roba ba. Wanda zai zauna shekara goma sha biyar a gida, ya huta da wanke katako da shafa masa mai duk bayan shekara biyu ko uku, yara kuma su yi ta yawo ba takalmi ba tare da sartse ba, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wanda zai sayar baɗi ne nake ba shawara ya riƙe kuɗinsa. Haka kuma idan ka kafa dandamali mai hawa biyu da fitilu a unguwar ƙananan gidaje, abin da ya wuce bukatar unguwar kasuwa ba ta biyansa, kuma masu ƙiyasi na lissafa shi a matsayin asara tun ranar da aka gama aikin.

To ta yaya yake fitar da adadin da yake ƙarawa ko ragewa?

Babbar hanyar ita ce kwatance. Yakan ɗauko aƙalla gida uku masu kama da naka da aka riga aka sayar a kusa, ya jera su a tebur, ya riƙa ƙari da ragi a kan farashinsu. Idan wancan gida ba shi da dandamali kai kana da shi, sai ya ƙara wa farashin wancan wani abu don ya yi daidai da naka. Wannan ƙari da ragi kullum a kan farashin gidan kwatance ake yin sa, ba a kan naka ba.

Adadin kuwa daga kasuwa ya kamata ya fito. A ce, don misali kawai, gida biyu iri ɗaya a layi ɗaya, an sayar da mai dandamali dala 412,000, marar shi 400,000. Wannan dubu goma sha biyu alama ce ta darajar dandamali a wurin, musamman idan an samu irin haka sau biyu ko uku. Matsalar ita ce samun gida biyu da bambancinsu kawai shi ne wannan na katako wancan na roba abu ne mai wuya ƙwarai. Saboda haka da yawa sukan koma hanya ta biyu: su ƙiyasta kuɗin sake gina abin a yau daga littattafan farashi irin Marshall & Swift, su cire tsufa da lalacewa, sannan su duba ko kasuwa ta yarda da abin da ya rage. A nan ne roba ke cin riba. Dandamalin katako mai shekara goma sha biyu da ba a kula da shi ba ya yi fari ya tsattsage, na roba sa'ansa kuwa wanki kawai yake so.

Ana haɗa faɗin dandamali da faɗin gida?

A'a. Tun watan Afrilun 2022 Fannie Mae, babbar cibiyar da ke sayen bashin gidaje daga hannun bankuna, ta wajabta awo da ƙa'idar ANSI, kuma a ƙa'idar ba a lissafa dandamali ko baranda a cikin faɗin wurin zama. Yana da nasa layi a teburin kwatance, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata.

Na ga an rubuta C3 da Q4 a takardata. Rigar gida na da hannu a ciki?

Tana da shi. Harafin C na nuna halin da gida ke ciki, daga C1, sabo fil, zuwa C6, mai lalacewar da ta taɓa lafiyar gini ko ta mazauna. Harafin Q na nuna ingancin gini da kayan aiki, daga Q1 mafi daraja zuwa Q6. Gidajen rukuni da kamfanoni ke ginawa da yawa, masu rigar binil, galibi a Q4 suke faɗawa, kuma wannan ba aibi ba ne.

Sabuwar riga tana iya taimaka wa harafin C, ta kuma rage shekarun da gidan ke nunawa a ido, amma ita kaɗai ba ta ɗaga gida daga aji zuwa aji idan rufi da tagogi da ɗakin girki duk sun tsufa. Harafin Q kuwa da ƙyar yake motsi, domin ana duba ginin ne gaba ɗayansa.

Falankina na da garantin shekara 25. Me ya sa mai ƙiyasi ya ce sai an gyara dandamalin?

Domin garantin na falankin sama ne, abin da ke ƙarƙashi kuwa kusan kullum katako ne. Ginshiƙai, da azarorin da aka shimfiɗa falankin a kansu, da katakon da ya manne dandamalin da jikin gida, duk itace ne da aka jiƙa da magani. Sau da yawa mai gida kan cire tsohon falanki ya ɗora na roba a kan azarori masu shekara ashirin, an yi kitso da ƙwarƙwata ke nan. Na taɓa durƙusawa ƙarƙashin wani dandamali da aka sabunta samansa, launin toka mai kyau, ko tabo babu. Na danna sukuddireba a saman azara, daidai inda ƙusoshin tsohon falanki suka bar ramuka, sai ta shige kamar a cikin burodi. Ruwan shekaru ne ya bi ramukan ya zauna.

Wurin da ya fi haɗari shi ne mahaɗar dandamali da bango. Idan ƙusa kawai aka buga ba a ɗaure da manyan noti ba, ko ba a sa kwanon da ke kawar da ruwa a samansa ba, daga nan dandamali ke ɓallewa da mutane a kai. Akwai kuma tsatsa: tun ƙarshen 2003 aka daina sayar wa gidaje katakon da aka jiƙa da maganin CCA mai arsenik, magungunan da suka maye gurbinsa kuwa suna da tagulla da yawa, suna cin ƙarfen da ba a yi masa rufi mai kauri ba. Falankin haɗi kuma ya fi katako lanƙwasa, don haka tazarar azarori bai kamata ta wuce inci 16 ba, ko 12 idan a karkace aka shimfiɗa. In ta wuce, za ka ji yana lotsawa a ƙafa.

Sai shingen kariya. A dokar gini da yawancin jihohi ke bi, dandamalin da ya haura inci 30 daga ƙasa dole a kewaye shi da shinge mai tsayin inci 36, tsakanin sandunansa kuma kada ƙwallo mai faɗin inci 4 ta iya wucewa, saboda kan ƙaramin yaro. Mai ƙiyasi ba injiniya ba ne, amma idan ya ga abin da ke barazana ga rai yakan rubuta darajar bisa sharaɗin a gyara, banki kuma ba zai saki kuɗi ba sai an koma an tabbatar.

Me ya sa wasu masu saye ke gudun gida mai filastar soso?

Wannan filasta faranti ne na soso da ake mannawa a bango, a shimfiɗa raga a kai, a shafe da siririn kwaɓi mai kama da siminti. A ido ba ka bambanta ta da filastar gaske, sai ka ƙwanƙwasa ka ji fanko. Daga Turai ta zo, inda ake manna ta a kan bangon dutse da bulo. A Amurka sai aka riƙa manna ta kai tsaye a kan katako. A tsakiyar shekarun 1990 aka gano a yankin Wilmington na jihar Karolina ta Arewa cewa ruwa na shiga ta gefen tagogi da mahaɗar rufi, ya rasa mafita, ya ruɓar da katakon bango alhali waje na nan sumul. Shari'o'i suka biyo baya, sunan kayan ya ɓaci.

Samfurin da ake sawa yanzu yana da shimfiɗar hana ruwa da hanyar tsiyayewa a baya, kuma ya sha bamban da na da. Amma kasuwa ba ta saurin mantuwa. A wasu garuruwan kudu maso gabas har yau irin waɗannan gidaje kan daɗe ba a saya ba, kuma idan cinikin unguwa ya nuna haka, mai ƙiyasi zai rubuta. Idan kai ne mai sayarwa, ka sa ƙwararre ya auna damshin bangon da na'ura ya ba ka rahoto kafin ka sa gidan a kasuwa. Idan mai saye ne, kada ka sa hannu ba tare da wannan awo ba, ka kuma duba ko soson ya taɓa ƙasa, domin gara na bin cikinsa ta hau ba a gani. Dutsen kwaikwayo ma yana da irin wannan ciwo idan ba a bar wa ruwa hanya a bayansa ba, duk da cewa yana cikin kayan da suka fi mayar da kuɗinsu a rahoton da aka ambata a tambayar dala 30,000.

Rigar binil ɗin ta kumbura ta yi kamar igiyar ruwa a gefe ɗaya. Zai rage daraja?

Zai iya ragewa, gwargwadon kuɗin gyara da yadda abin ke bugun ido. A fara gano dalili. Binil na miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, shi ya sa ake rataye shi da ƙusa sako-sako. In kafinta ya danne ƙusar, sai ya kumbura. Idan kuwa wuri ɗaya ne ya narke a karkace, duba tagar maƙwabci: gilashin zamani mai mayar da zafi kan tattara hasken rana ya haska bangon da ke fuskantarsa, binil kuma na fara laushi a wajen digiri 70 na Salshiyas. Abin gashin nama da aka matsar kusa da bango ma na yin haka.

Binil ba shi ne ke tare ruwa ba, shimfiɗar da ke bayansa ce. A tsofaffin gidaje kuma akan ɗora shi a kan tsohon katako mai fenti. Idan an gina gidan kafin 1978, fentin na iya ƙunsar dalma, kuma a bashin FHA, wato wanda hukumar gidaje ta tarayya ke tsaya wa, duk inda tsohon fenti ke ɓarewa a fili, kamar bakin taga ko ƙarƙashin rufi, sai an gyara kafin a kammala ciniki.

An yi aikin ba tare da izinin hukuma ba. Shi ke nan ba za a lissafa shi ba?

Ba lallai ba. Ƙa'idar Fannie Mae ta ce mai ƙiyasi ya ambaci aikin, ya faɗi ingancinsa da tasirinsa a kan farashi. Amma banki na iya ƙin amincewa, ƙaramar hukuma kuma na iya cewa a buɗe a duba ko a rushe. Neman izini bayan an gama aiki yana yiwuwa a garuruwa da yawa, kuma ya fi sauƙi a yi shi kafin mai saye ya bayyana.

A duba dokar ƙungiyar masu gidajen unguwa ma, domin wasu sun ƙayyade irin riga da launi. A unguwannin tarihi kuwa sau da yawa an hana binil ɗungurungum, kuma a can gidan da aka lulluɓe katakonsa na asali da roba yana iya faɗuwa a idon masu saye.

Me zan tanada kafin ya zo, kuma ya halatta in yi masa magana?

Ya halatta. Abin da doka ta hana shi ne matsa masa ya kai wani adadi. Ka rubuta a takarda ɗaya abin da aka yi, da shekarar, da sunan samfurin, ka haɗa da rasit, da takardar izini, da ta garanti. Ka karanta garantin da kanka tukuna, domin da yawa sukan ragu idan gida ya canja hannu, kuma galibi kaya suke biya ban da ladan aiki. Idan an sabunta azarori, hotunan lokacin aikin sun fi kowace takarda amfani, tunda yanzu falanki ya rufe su. Ka wanke bangon da ke inuwa inda gansakuka ke kamawa, ka kwashe tarkacen da ke ƙarƙashin dandamali don ya iya leƙawa.

Ƙiyasin ya fito ƙasa da farashin ciniki. Ina da ta cewa?

Kana da ita. Haƙƙinka ne banki ya ba ka kwafin rahoton, aƙalla kwana uku na aiki kafin ranar sa hannu. Ka karanta shi layi-layi. An rubuta binil alhali falankin siminti ne? An rubuta dandamalin katako alhali na roba ne? An gwada ka da gidajen da rigarsu ta tsufa ba tare da an yi gyara a farashi ba? Irin wannan kuskure na faruwa, musamman da yake kayan yanzu na kwaikwayon itace sosai.

Ta hannun banki ake neman a sake dubawa. Tun 2024 Fannie Mae da takwararta Freddie Mac suka wajabta wa bankuna tanadar wannan hanya, kuma kana iya gabatar da gidajen kwatance har biyar. Ka kawo cinikin da aka kammala a kusa, ka nuna kuskuren a fili. Tarin rasit kaɗai ba ya sauya adadi, saboda dalilin da aka yi bayani a tambayar dala 30,000.

Ni ta hanyar da babu riba zan saya. Duk wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka. Kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF, da Musulmi da yawa ke bi don kauce wa kuɗin ruwa, su ma sai an yi ƙiyasi kafin su shiga tarayya da kai a gidan, kuma masu ƙiyasin da ƙa'idojin duk ɗaya ne. Idan adadin ya gaza farashin ciniki, kason da za su zuba zai ragu, cikon kuma daga wurinka zai fito, sai fa in mai sayarwa ya sauko.

Ɗan'uwana a Ingila ya ce an rubuta wa gidansa sifili saboda rigar bene. Abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Can maganar gobara ce a dogayen benaye. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta ci rai 72, aka gano farantan alminiyon masu cikin roba da aka lulluɓe benen da su ne suka yaɗa wutar. Daga nan bankuna suka ƙi ba da bashi a kan gidajen irin waɗannan benaye sai an tabbatar da lafiyar bangon, kuma a Disambar 2019 aka fito da takardar EWS1 don wannan tabbaci. Sifilin da masu ƙiyasi ke rubutawa ba ya nufin gidan ba shi da daraja, yana nufin ba za su sa adadi don bashi ba sai an kawo takardar. A Amurka, inda wuta ke shiga lissafin ƙananan gidaje shi ne yankunan gobarar daji kamar Kalifoniya, inda dokar gini ta ƙayyade irin riga da falankin da za a sa wa sabon gini. A irin waɗannan wurare ka nemi farashin inshora tun kafin ka yi tayi, domin shi ma masu saye na lissafa shi.